Faɗuwar Rana a Bangon Abu Nasir

Jiya na ji ɗaya daga cikinku yana cewa wai zanen faɗuwar rana ba aiki ba ne: ja a sama, shuɗi a ƙasa, a ɗiga rawaya a tsakiya, an gama. Ban tanka ba saboda akwai baƙo a shago. Yau kuwa tunda an ɗauke wuta, kwamfuresa ba za ta tashi ba, ku ajiye wayoyin nan ku jawo benci, in ba ku labarin yadda na ci abinci da faɗuwar rana a Riyad, garin da babu teku ko na rantsuwa.

Da bizar fenti na shiga Saudiyya. Kafilina, wato Balaraben da iƙamata, takardar izinin zamana, take ƙarƙashin sunansa, yana da wurin aiki a unguwar Sulai, tsakanin wani siton tayoyi da garejin gyaran tirela. Aikinmu fentin gidaje, rola da bokiti tun safe har la'asar. Amma a ƙuryar wurin akwai wani dattijo mutumin Masar, Mu'allim Fat'hi, haifaffen Iskandariyya, wanda ba ya taɓa rola. Shi zane yake yi a bango, kuma ko kafil in zai yi masa magana sai ya sassauta murya.

Ga inda kasuwarsa take. Mutanen Riyad in zafi ya kama, gari ya koma kamar tanda, mai hali kwashe iyalinsa yake ya nufi bakin Bahar Rum, ko Masar, ko Lubnan, ko Tunis, ko Turkiyya. Su sha iska su more, su dawo su tarar da rairayi yana nan inda suka bar shi. Sai kewa ta tashi. Sai mutum ya zo ya ce a zana masa tekun a bangon falon baƙinsa, ko a istiraha, irin gidajen shaƙatawan nan da suke ginawa a bayan gari. Kuma duk zamana ban ga wanda ya ce a zana masa fitowar rana ba. Mu'allim ya ce ai babu ɗan hutun da ya taɓa ganinta, duk barci suke komawa bayan asuba.

Abin da ya haɗa ni da shi, wata rana ya ga na haɗa wata kala da ido kawai ta fito daidai da ta tsohon bango. Ya ce wa kafil a ba shi ni. Na ɗauka washegari zan fara zana jirgin ruwa. Wankin burushi na yi ta yi har fatar hannuna ta saɓule. Daga nan ya ɗora ni a gyaran bango: a shafa ma'ajun, wato farin kwaɓin da ake cike ramuka da shi, ya bushe, a goge da samfefa, a sake shafawa, a sake gogewa, har sai ka shafa tafin hannu ka ji kamar faranti. Ku da kuke ganin wannan wahalar banza ce, ku sani duk ƙurjin da ka bari a bango, a tsakiyar ranar zai fito, kowa ya shigo shi zai fara gani.

Kullum dab da magariba sai ya ce, "Yalla ya Halid," domin haka Larabawa suke kiran sunana, Haladu. Mu hau rufin wurin aikin da kofunan shayi, mu fuskanci yamma ta saman tankunan ruwa.

"Kala nawa ka gani?" in ji shi.

"Ja da rawaya, Mu'allim."

"Ashe makaho kafil ya ba ni. Sake dubawa."

Sai da aka ɗauki lokaci kafin na ga koren. Akwai wani kore siriri, irin na ɗanyen lemon tsami, tsakanin rawaya da shuɗi, ba ya daɗewa yake ɓacewa. Ranar da na nuna masa shi da yatsa bai yabe ni ba, amma ya ƙara mini cokalin sukari a shayi.

Tekun kuwa da baki ya koya mini shi, don ni ban taɓa ganin Bahar Rum ba, har yau ɗin nan. Ya ce da yamma ruwa ba shi da kalar kansa, aro yake daga sama. Duk abin da ka sa a sama sai ka sauko da shi ƙasa, ka kakkarya shi ƙanana-ƙanana. Hanyar hasken da ke tahowa daga rana kuma, siririya ce can nesa, tana buɗewa tana nufo mai kallo.

Hoton rana na farko da na yi, a wani shagon wake da burodi na zana shi, a unguwar Shifa, na wani Bayamane. Mu'allim ya gama teku da duwatsu, ya miƙo mini burushi ya tafi sallar la'asar. Na zuba ƙwazo. Na yi da'ira tsaf, rawaya a tsakiya, na zagaye ta da farin haske. Ya dawo ya tsaya ya daɗe yana kallo, hannu a baya.

"Masha Allah," in ji shi. "Saura gishiri da barkono."

Sai a lokacin na gani. Soyayyen ƙwai ne sak. Bayamanen ya yi dariya har ya dafa tukunya, ya ce a bar masa haka, zai jawo masu karin kumallo. Mu'allim ya ƙi. Ya sa na shafe, ya nuna mini cewa rana ba ta da baki. Tsakiyarta fari ne, gefenta kuma da busasshen burushi ake narkar da shi cikin sama, har ka rasa inda ta ƙare.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Faffaɗan burushi na sama, soso na gajimare, wani tsohon burushi da gashinsa ya tarwatse wanda babu kamarsa wajen kumfar igiyar ruwa. Sai zare mai alli da mizanin ruwa, na buga layin da teku ya haɗu da sama. Wannan layin in ya karkace ko da faɗin yatsa ne, mai gida ba zai san me ke damunsa ba, amma duk sa'ad da ya zauna zai ji kamar ruwan zai zubo masa a kafet. Babban abokin gabarmu iskar Riyad ce. Fenti yana bushewa kafin ka dangwalo na biyu, ga shi sama ba ta yarda da tabo. Dole a kashe na'urar sanyi, a rufe taga, mutum biyu su yi ta gudu a kan katako, ɗaya yana shafawa ɗaya yana narkarwa, gumi yana ɗiga a gwiwar hannu. Kuma ba ma zana mai rai. Ba mutum, ba dabba. Ko tsuntsaye, 'yan ƙyalli ne can nesa, su ma wani mai gidan sai ya ce a share.

Daga bakin masu gidaje na san bakin tekun nan kaf, kamar na yi tallan goro a can. Na san in kana Iskandariyya, a bakin titin gaɓa ake zama, a kalli rana tana sauka ta bayan tsohuwar ganuwar da ta shiga cikin ruwa. Mu'allim ba ya bari in taɓa wannan, nasa ne, yana yi yana ƙunƙunin waƙa. Na san a Antaliya ta Turkiyya ba cikin ruwa take faɗawa ba, bayan duwatsu take ɓuya, su yi shuɗi-shuɗi kamar hayaƙi. Na san wani gari a Tunis a kan tudu, gidaje farare ƙofofi shuɗɗa, inda ake shan shayi ana hango kwale-kwale a ƙasa. Wani mai gida ya taɓa cewa mu haɗa masa dukkansu a bango ɗaya, ganuwar Masar, duwatsun Turkiyya, ƙofofin Tunis, don duk ya je. Na kalli Mu'allim. Ya ce, "Mafi mushkila, babu matsala. A bango, rana tana faɗuwa inda mai gida ya ce."

Sai shekarar wahala ta zo. Man fetur ya faɗi, gine-gine suka tsaya, aka ƙara wa kafilai harajin ma'aikata baƙi. Abin da ya ƙarasa mu shi ne takardar bango mai hoto. Mutum ya kai hoton da ya ɗauka da wayarsa, inji ya buga masa shi faɗin bango, a liƙa kafin azahar, babu warin fenti, babu Haladu yana yawo a gida da tsani. Mu'allim Fat'hi ya kalli abin ya ce shi ya tsufa da kokawa da inji. Ya bar mini jakar burushinsa ya koma Iskandariyya. Aka yi ta sallamar mutane har muka rage mu biyu a ɓangaren zane, ni da Abdu Ɗan Maraɗi, abokin aikina mai shafa ma'ajun, mutum mai iyali kamar ni. Kafil ya kira mu ya ce shi ba mugu ba ne, amma in iƙamarmu ta ƙare babu aiki a ƙasa, sai huruj, wato fita ba dawowa. Kuma ta kusa ƙarewa.

Ana cikin haka wani dattijo ya shigo, dogo, mai babbar murya, gemu ya yi fari tas. Sunansa Abu Nasir, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, gidansa a unguwar Badi'a. Ya ce ya zagaye masu inji duka. Shi Rausha yake so, wurin nan na Bairut inda manyan duwatsu biyu suke tsaye a cikin teku, babban da ƙofa a gindinsa ruwa yana ratsawa. Amma duk hoton da suka nuna masa na yanzu ne, da dogayen otal da motoci. Shi kuwa yadda wurin yake kafin yaƙin Lubnan yake so, lokacin da ya kai amaryarsa can. Yanzu an yi wa matar, Ummu Nasir, aikin gwiwa, tana jinya a gidan 'yarsu. Likita ya ce ba hawa bene, ba doguwar tafiya. Ya gyara mata ɗaki a ƙasa, yana so ta dawo ta tarar da faɗuwar ranar nan a bango.

"Babu yammacin da ya kai wannan a duniya," in ji shi. "In na rufe ido ina ganinsa."

Da ya fita kafil ya ce mana mutumin nan yana da 'yan'uwa da 'ya'ya, kowanne da istiraha. In ya ji daɗi, mun zauna. In bai ji ba, mu fara ɗaure kaya.

Bangon babba ne, yana fuskantar gadon. Abdu ya gyara shi kamar madubi. Abu Nasir ya sa aka kawo masa kujera da butar gahawa da dabino, ya zauna a tsakiyar ɗakin yana ba da umarni. Ɓangaren tudu ya riƙe shi daram: irin ƙarfen da aka kange bakin titi da shi, fitilun, har kalar duwatsun daɓe. Da muka zo kan sama sai zance ya fara rawa. Ya ce ja ce wur kamar garwashi. Na yi ja. Washegari ya ce a'a, ruwan goro ce. Ya ce ranar ta dama da babban dutse ta sauka. Na sa ta a dama. Ya kwana ya tashi ya ce ya tuna, ta hagu ce. Na shafe, na sake sama, don ba a matsar da rana ita kaɗai, duk hasken ruwan sai ya bi ta. Bayan nan ya shigo da murna ya ce yanzu kam ya tuna sosai, ta cikin ƙofar dutsen ta leƙo.

Abdu ya matso kusa da ni ya ce da Hausa, "Malam Haladu, ranar nan ta fi ɗan tasi yawo."

Na ce masa ya yi shiru ya riƙe tsani. Na saka rana a ƙofar dutse, kuma gaskiya ta yi kyau, irin kyan kalanda. Abu Nasir ya tafa hannu ya ce halas, an gama, ita ce.

Muna naɗe ledar ƙasa aka ce ga Ummu Nasir ta iso, ta riga lokacin da aka sa ran zuwanta. Muka nemi fita, ya ce mu tsaya daga gefe, yana so mu ga farin cikinta. 'Yarta ta turo ta a keken marasa lafiya, 'yar tsohuwa ƙarama, fuska a rufe sai idanu. Aka tsayar da ita gaban bango. Ta ƙare masa kallo.

"Ina ne nan?" in ji ta.

"Rausha mana, ya Ummu Nasir. Bairut. Yammacin nan namu."

"Dutsen na gane shi. Ranar ce ban gane ba. Wa ya cusa ta a rami?"

"Haka ta faɗi. Ba ina tsaye kusa da ke ba?"

"Kana wajen mai masara."

Ta ci gaba a hankali, ba faɗa, kamar mai ba jika labari. Ta ce suna isa bakin ƙarfen ya hango mai gasa masara a amalanke can ƙasan titi, ya ce ta jira shi yanzu zai dawo. Ya je ya tsaya ciniki, daga ciniki suka shiga hira, ashe mai masarar ya taɓa zuwa aikin hajji. Ita kaɗai ta tsaya, amarya, a garin da ba ta san kowa ba, har rana ta faɗi, har aka kira salla. Sai ga shi da masara biyu, ɗaya ma ya ci rabi.

"A hanyar komawa masauki ka ce in ba ka labarin yadda ta faɗi, na ba ka," in ji ta. "Tun daga ranar kake ba baƙi shi, kowace shekara da sabuwar kala. Ban taɓa cewa komai ba, don baƙinka ne. Amma wannan bangon ɗakina ne."

Ni dai na san halin manyan mutane in an kunyata su gaban ma'aikata. Ba matar za a huce a kanta ba, mu ne. Na ga Abdu ya ƙura wa bokiti ido kamar akwai rubutu a ciki. Ni kuma na fara tunanin abin da zan gaya wa mutanen gida in na sauka Kano ba shiri. Abu Nasir ya shafa gemu, ya kalli bango, ya kalli matarsa.

"Amma dai masarar ta yi daɗi," in ji shi.

"Ta yi," in ji ta. "Rabin da ka rage."

'Yar ce ta fara fashewa da dariya, sannan shi, har ya zauna a kujera yana share ido da gefen rawaninsa. Ummu Nasir ta juyo wajena.

"Ya waladi, ɗana, kai ne mai zanen?"

"Ni ne, Mama."

"Hannunka yana da kyau, ƙarya aka ba ka ka zana. Za ka iya sakewa?"

Na ce in Allah ya yarda.

Ban taɓa samun mai ba da aiki irinta ba. Kowace safiya a turo ta bakin ƙofa, mijin yana gefe an hana shi magana. Ta ce sama ba ja ba ce, ta fi kama da cikin kankana wajen ɓawo, inda jan ya fara kodewa. Ta ce ranar tana hagu, nesa da dutsen, kuma akwai wani dogon gajimare kwance a kan ruwa wanda ya yanke ta biyu. Ruwan kuma kalar tiren tagulla ne da aka daɗe ba a goge ba. In na haɗa kala sai in shafa a kwali, 'yar ta kai mata, ta ce a ƙara toka-toka, ko a rage. Ba ta taɓa canja magana ba. Abin da ta faɗa da safe shi ne da yamma. Da na sa siririn koren nan a sama ba tare da ta ce ba, ta dube shi ta ce, "Wannan ma yana nan. Na manta da shi."

Da aka kusa gamawa ta nuna ƙuryar dama ta ƙasa, inda titin ya gangara.

"Nan za ka sa amalanken masara, da hayaƙinsa."

Na ce, "Mama, amalanke zan iya, amma ba ma zana mutum."

"Ba sai ka zana shi ba. Na san inda yake tsaye."

Aikin 'yan'uwan Abu Nasir da kafil ya ƙwallafa rai a kai bai zo ba, ko ɗaya. Ta wajen mata ya zo. Duk wadda ta je duba gwiwar Ummu Nasir sai ta ga bango, sai ta tambayi amalanken, sai a ba ta labari. Kafin wata ya zagayo ana ta kiran kafil, wannan tana son wani lungu na Iskandariyya yadda yake da, waccan tana son barandar wani gida da aka riga aka rushe, duk wuraren da inji ba shi da hotonsu. Aka sabunta iƙamata, aka sabunta ta Abdu, muka ƙara shekaru muna aiki har na dawo gida don kaina.

Ranar da muka gama bangon, da la'asar sakaliya ne. Muka cire leda, muka share ƙasa, Abdu ya fita da bokitai. Ummu Nasir ta sa aka jawo kujerar mijin aka ajiye dab da kekenta, suna fuskantar bango. Ya zauna. Bai daɗe ba ya fara motsi, ya ce bari ya je ya sa a kawo wa masu aiki gahawa kafin su tafi. Ya dafa hannun kujera zai miƙe, ta kama hannun rigarsa.

"Zauna," in ji ta. "Wannan karon sai ta faɗi za ka tashi."

Har muka ɗaure tsani a mota na dawo ɗaukar jakar burushi, yana nan zaune.